KADA A YAYE RUFI SAI AN RUBUTA LISSAFI

 

Kaka ta yi. Gero ya shiga rumbu, dawa na kan hanya, masu riɗi sun fara kakkaɓewa, kuɗi sun fara motsi a aljihun mutane. Duk wanda ya san ƙasar Buji ya san abin da ke biyo bayan wannan. Daga Gantsa zuwa Churbun, daga Ahoto zuwa Kukuma da Kawaya, za ka fara ganin tulin yashi a ƙofar gidaje, da bulo a jere a gindin katanga. Wannan yana so ya ta da katangar da damina ta kayar. Wannan zai sauke azara ya buga kwano. Wancan ɗansa zai yi aure, ana neman a gyara ɗakin amarya. Wani kuma ɗan da ke neman kuɗi a Kano ko Abuja ne ya ce a gyara wa tsohuwa ɗakinta.

Abin farin ciki ne, Allah ya ƙara buɗi. Amma ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan gidaje a ransa, ya sake bi ta ƙofarsu da bazara, lokacin da hadari ya fara haɗowa daga gabas. Zai tarar da waɗansu an gama an tare. Zai kuma tarar da waɗansu sun tsaya cak: gini ya kai linta babu rufi, ko an kafa katako babu kwano, iyali sun cunkushe a ɗaki ɗaya, an lulluɓe sauran da leda da tsofaffin buhuna. Idan ka tambayi mai gidan zai ce kuɗi ne suka yanke. Idan ka tambayi maginin zai ce kaya ne suka tashi.

Dukkansu gaskiya suka faɗa, sai dai akwai gaskiya ta uku da ba a cika faɗa ba, wato tun ranar da aka fara babu wanda ya san nawa aikin zai ci. Don haka ra'ayina a wannan makon shi ne: kada a taɓa bango, kada a cire ko fallen kwano ɗaya, sai an auna an rubuta lissafi a takarda. Kuma lissafin ya fara da adadin kaya, kafin a zo maganar naira.

Mu fara da yadda muke yi yanzu. Mai gida zai kira magini bayan la'asar, su zagaya gidan hannu a baya. Ya ce, "Malam, nawa kake gani zai ci?" Magini ya ɗaga kai ya dubi rufi, ya ɗan ƙwanƙwasa bango, ya faɗi dunƙulallen kuɗi. Mai gida ya ce haba, ai wane ya yi irinsa bai kashe haka ba. A yi ta ciniki kamar ana sayen akuya, a ƙarshe a sallama, a ba da kafin alƙalami, alhali babu alƙalamin da ya taɓa takarda.

Wannan adadin da aka tsaya a kai, abubuwa uku ne suka haife shi, kuma babu awo a cikinsu. Na farko, abin da maƙwabci ya kashe shekara biyu ko uku da suka wuce. Na biyu, tsoron magini, domin ya san idan ya faɗi gaskiyar kuɗin, gobe wani za a kira wanda zai faɗi ƙasa da haka. Na uku, burin mai gida, wanda ya riga ya san abin da ke aljihunsa kuma yana so aikin ya zo daidai da shi. Kowa a cikinsu ya san adadin ba zai isa ba. Magini yana cewa a ransa, idan aka fara ai dole ya ƙaro. Mai gida yana cewa a ransa, tunda ya karɓa ai dole ya gama. Rigimar da za a yi bayan wata biyu, a wannan yammacin aka shuka ta.

Maganar abin da maƙwabci ya kashe kuwa, shekarun nan sun riga sun kashe ta. A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yunin shekarar kuma aka saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Buhun siminti mai kilo 50, wanda ake saye wajen naira 5,000 a 2023, ya haura 10,000 a wurare da yawa a watan Fabrairun 2024. Har sai da gwamnatin tarayya ta kira kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge taro a Abuja, aka fito aka ce an amince buhu ya tsaya tsakanin 7,000 da 8,000. Kafin nan, a watan Oktoban 2023, BUA ya sanar da sayar da buhu 3,500 a ƙofar masana'anta, mutane suka yi ta murna, amma mai sayen buhu biyar a shagon gari bai ga wannan farashi ba. Wanda ya gina lissafinsa a kan labarin rediyo a lokacin, ya ji a jikinsa.

Mu kuma a nan muna da ƙarin nauyi. Babu masana'antar siminti a Jigawa. Daga Ashaka ta jihar Gombe yake zuwa, ko Obajana ta jihar Kogi, ko Kalambaina ta Sakkwato. Rodi da kwano da katako galibi sai sun bi ta Kano, ta kasuwanni irin Ƙofar Ruwa da 'Yan Katako ta Na'ibawa, su sauka Dutse ko Birnin Kudu, sannan a ɗauko su zuwa ƙauye. Kowane zango da kuɗin motarsa da na masu lodi da saukewa. Farashin da ɗan uwanka ya faɗa maka ta waya daga Kano farashin Kano ne. Kafin kayan su iso ƙofar gidanka a Madabe ko Falageri sun ƙara nauyi.

Wannan ne dalilin da ya sa na ce a fara da adadin kaya. Naira tana canjawa daga mako zuwa mako, amma faɗin ɗakinka yana nan yadda yake. Idan takardarka ta ce bulo kaza, siminti buhu kaza, kwano bandir kaza, to ko da farashi ya tashi gobe, cikin minti goma za ka sake buga lissafinka ka san inda kake. Wanda aka gaya wa dunƙulallen kuɗi kawai ba shi da wannan damar. Idan magini ya dawo ya ce a ƙaro, ba shi da hanyar sanin ko kaya ne suka tashi, ko tun farko ba a ƙirga daidai ba, ko kuwa wani abu ne ya bi ta bayan katanga.

Bari in kawo misali, don kada a ɗauka abu ne sai injiniya. Ɗauki ɗakin da muka fi ginawa, sha biyu sha biyu. Ƙafa 12 kusan mita 3.6 ce. Bango huɗu sun ba ka tsawon mita 14.4. Idan tsayin ginin mita 3 ne, ka sami murabba'in mita 43. Cire gurbin ƙofa da taga ɗaya, saura kusan 40. Bulon da muke amfani da shi, ko mai inci shida ko mai inci tara, kusan guda 10 ne ke cika murabba'in mita ɗaya. Ke nan bulo 400 daga daɓe zuwa sama. Kowane layi da ya zagaye ɗakin yana cin kusan guda 32, don haka idan layi uku za a binne a harsashi, ƙara kusan 100. Ƙara kashi 5 cikin 100 na waɗanda za su fashe a hanya ko wajen yanka. Ka tashi da kusan 525. Idan wani ya ce maka 350 sun isa, ko ya ce sai 800, kana da bakin tambaya.

Haka sauran. Daɓen wannan ɗakin kusan murabba'in mita 13 ne. Idan kankare mai kaurin inci huɗu za a zuba, zai ci siminti tsakanin buhu 6 zuwa 8, gwargwadon ƙarfin haɗin. Buhu ɗaya yana yin filastar murabba'in mita 10 zuwa 15, ke nan ciki da waje na wannan ɗakin buhu 6 zuwa 8 ne shi ma. Idan tayil mai faɗin santimita 60 za ka sa, kwali mai guda huɗu yana rufe murabba'in mita 1.44, kwali 9 ke nan, ka sayi 10 saboda yanka da fashewa. Bandir ɗin kwano falle 20 ne, amma kada ka manta gefe yana hawa kan gefe, don haka falle ba ya rufe duk faɗinsa, kuma kauri ya bambanta, farashi ma haka. Rodi tsawonsa mita 12 ne, mai kaurin milimita 12 kusan guda 94 ne a tan ɗaya. Duk wannan lissafin yaron da ya gama sakandare zai iya yin sa da tef ɗin awo da wayar hannu.

Sai dai gyara ya fi sabon gini wuyar ƙiyasi, kuma a nan ne mafi yawanmu ke faɗawa rami. Sabon gini fili ne a gabanka, duk abin da za a sa kai za ka sa shi. Tsohon gida kuwa yana da abin da ya ɓoye. Ka ce kwano kawai za ka canja, ana yayewa a tarar gara ta cinye katakon, sai ɓawo. Ka ce yaɓe kawai za ka sabunta, ana ɓamɓarewa a tarar gindin bangon ya zaizaye, danshi ya cinye shi ya bar rabin kauri. Ka ce azara biyu ce ta karye, ana sauke ƙasar rufin a ga sauran ma sun ruɓe a inda suka shiga bango. A lokacin kuma babu komawa baya, ɗaki yana buɗe.

Maganin wannan shi ne a leƙa kafin a yi ciniki. A hau a ɗaga falle ɗaya ko biyu a duba katako. A cire silin a kusurwa ɗaya a haska fitila. A soka ƙusa ko wuƙa a bakin azara a ji ko tana nutsewa. A tona gindin bango kaɗan a ga zurfin harsashi da yadda danshi ya kai. Aikin rabin yini ne, ko da biyan magini za ka yi ya yi maka shi, ka ci riba. Bayan haka kuma a ware kuɗin ko-ta-kwana. Masu sana'ar gini kan ware kusan kashi 10 cikin 100 a sabon aiki. A tsohon ginin ƙasa ni dai ina ganin kada ya gaza kashi 20. Idan ba a taɓa su ba, ai kuɗinka ne, suna nan.

Akwai kuma wani kuskure da ya yawaita a gidajen ƙasa, wanda ke sa a biya kuɗin aiki ɗaya sau biyu. Shi ne shafa filastar siminti kai tsaye a kan bangon ƙasa. Ƙasa da siminti ba sa kama juna sosai. Da zarar ruwa ya sami kafa ya shiga bayan filastar, ba ya samun hanyar fita, ƙasar ta jiƙe a ɓoye, daga waje bango yana sheƙi. Wata rana sai filastar ta zubo gaba ɗaya, wani lokaci da bangon. Magabatanmu da suke yaɓe da makuba da laso sun san bangon ƙasa yana buƙatar abin da ya dace da shi, kuma sun san duk shekara sai an duba indararo an toshe tsaga kafin damina. Wanda ya nace sai siminti, to ya sa kuɗin ragar waya da ƙusoshin da za su riƙe shi a lissafi, ya kuma tabbatar bakin kwano ya sauko ya kare bangon daga feshin ruwa.

Sannan ga tarin ƙananan abubuwa da ba sa zuwa baki ranar ciniki, amma su ne ke tsotse aljihu kullum. Kuɗin rushe tsohon da kwashe ɓaraguzai. Yashi da tsakuwa, ko na tifa ko na amalanke. Ruwa, wanda da rani sai an saya wajen 'yan garuwa, kuma ba na kwaɓi kaɗai ba, kankare da filasta suna buƙatar ban ruwa na aƙalla kwana bakwai. Ƙusa, wayar ɗaure rodi, katakon zuba linta, maganin gara. Man janareta idan akwai walda. Abincin ma'aikata, idan al'adar wurin ce mai gida ya ciyar. Kowanne shi kaɗai ba ya ba da tsoro, amma idan aka tara su sukan kai kuɗin bandir ɗin kwanon da za a rasa a ƙarshe. A ba su layinsu a takarda.

Takardar da nake magana a kai ba wata doguwa ba ce. Shafi biyu na littafin makaranta sun isa. A shafin farko a jera kaya: sunan abu, adadinsa, farashin guda, wurin da aka tambayo farashin, da ranar da aka tambaya. A tambayi aƙalla shago biyu ko uku. A shafi na biyu a rubuta kuɗin aiki daban, na magini daban, na kafinta daban, na mai waya daban, a kuma fayyace ko jinga ce ko biyan yini. Idan jinga ce, a rubuta daga ina ta fara, a ina ta ƙare, da wanda zai biya leburori. A raba biyan kuɗin gida-gida: kaza idan an kai linta, kaza idan an rufe, kaza idan an gama filasta. A manyan kwangiloli akan riƙe wani ɗan kaso, kamar kashi 5 cikin 100, sai bayan wasu watanni an ga aikin bai nuna aibi ba. Babu laifi mu ma mu yi yarjejeniya da kafinta cewa ɗan abin da ya rage sai an ga ruwan farko bai ɗiga ba, muddin an faɗa masa tun farko kuma ya yarda.

Idan lissafi ya fito ya fi abin da ke hannu, kuma sau da yawa haka zai fito, a nan ne amfaninsa na gaske yake. Yanzu kana da damar zaɓar abin da za ka fara da shi. Ni a ganina tsarin a bayyane yake: hanyar ruwa da gindin bango tukuna, sannan rufi, sannan ƙofa da taga, sannan daɓe da filasta, fenti da tayil da adon silin su zo a ƙarshe. Mu da muka ga ambaliyar 2022 a jihar nan, muka kuma ga abin da ruwa ya yi a Gantsa a daminar 2024, bai kamata a tuna mana abin da ruwa kan yi wa bangon da ya kwana a cikinsa ba. Duk damina muna jin labarin ɗakin da ya rufta wa masu barci a wani gari na Jigawa, kuma sau da yawa yara ne a ciki. Amma har yanzu za ka shiga ɗakin amarya ka ga tayil yana ɗaukar ido, silin da fitilu kala-kala, ka zagaya baya ka tarar ruwan kwata yana kwance a gindin bangon. Kuɗin adon nan da sun isa a yi wa bangon dakali a fitar da ruwan waje.

Na san akwai masu ja da wannan magana, kuma wasu hujjojinsu suna da nauyi.

Na farko zai ce, idan talaka ya tsaya sai kuɗi sun cika, har abada ba zai yi gini ba, kuma kuɗin da ya ajiye kullum daraja suke rasawa. Wannan gaskiya ce. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne, wanda bai kai kuɗin buhun siminti goma ba. Manomi kuma sau ɗaya yake ganin kuɗi a dunƙule a shekara. Ban ce a jira komai ya cika ba. Cewa na yi a yanka aikin gida-gida, yadda duk inda aka tsaya gidan zai zaunu. Kada a yaye ɗaki uku lokaci ɗaya alhali kwanon ɗaya ne a hannu. Kuma mai son tsere wa tashin farashi ya fara sayen abin da ba ya lalacewa: kwano, rodi, ƙofa, taga, bulo. Siminti shi ne na ƙarshe, domin idan ya wuce kamar wata uku a ajiye yana fara rasa ƙarfi, idan ya sha danshi kuwa ya zama dutse. Amma ba za ka san kwano nawa za ka tara ba sai ka auna. Ashe mai gini kaɗan-kaɗan ya fi kowa buƙatar takardar.

Na biyu zai ce, maginin nan ɗan uwana ne, tare muka tashi, idan na kawo takarda zai ga kamar ban yarda da shi ba. To ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, kuma tsakanin muminai take magana. Rubutu yana kare zumunci ne. Ku duba gidaje nawa ne wa da ƙane suka daina gaisawa saboda aikin gyara. Wanda ke ci-rani a Legas ko Fatakwal ya turo kuɗi sau uku, ya zo hutun sallah ya tarar ginin bai kai inda yake zato ba. Ƙanen da ya tsaya a kan aikin ya sha rana, wataƙila har ya cika da nasa, amma ba shi da abin da zai nuna. Zargi ya shiga, mata su ɗauka, 'ya'ya su gada. Da akwai takarda da rasit, da hoton kayan da aka sauke an tura ta WhatsApp, da maganar ta mutu a zama ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na uku zai ce, ai komai na Allah ne, a fara kawai, Allah zai kawo. Babu mai musun cewa Allah ne mai kawowa. Amma manomin da ya fi kowa tawakkali ma yana ƙirga damin da ya shiga rumbu, ya san ko zai kai shi wata kakar, kuma ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Wanda ya yaye wa iyalinsa rufi ba tare da ya san yadda zai mayar ba, ya jefa su cikin hali ne da hannunsa. Daga nan sai a sayar da hatsin ci, ko saniyar huɗa, ko a jinginar da gona, don a rufe ɗaki kafin ruwa ya sauka. Gyaran da aka fara don jin daɗi ya koma sanadin yunwa.

Ina da magana kuma ga maginanmu da kafintocinmu, domin ba duka laifin nasu ba ne. Mu masu ba da aiki mu muka koya musu rage adadi, tunda kullum mai araha muke ba. Wanda ya karɓi aiki a ƙasa da kuɗinsa, a jikin aikin zai fanshe: ya ƙara yashi a kwaɓi, ya tazarar da katako, ya rage ƙusa. Haka mai buga bulo, idan ka matsa masa a farashi, buhun da ya kamata ya fitar da talatin da wani abu sai ya ja shi ya wuce hamsin, ka ɗauki bulo yana marmashewa a hannu. Araha ba ta ado. Idan mutum uku suka ba ka lissafi, ɗaya ya faɗo ƙasa sosai, tambaye shi abin da ya cire. Ku kuma masu sana'a, wanda ya fara zuwa da tef da littafi, ya rubuta wa mai gida gaskiya ko da ta yi ɗaci, zai iya rasa aiki ɗaya ko biyu da farko. Amma garuruwanmu ƙanana ne, ba a daɗewa ake sanin wanda aikinsa ke ƙarewa a inda ya ce.

Ƙiyasin kuɗin gini fanni ne da ake karantawa. Masu wannan sana'a suna da ƙungiyarsu ta ƙasa tun 1969, kuma a ƙa'ida da takardar jerin kaya da aiki ake ba da babbar kwangilar gini. Mai gyaran ɗaki biyu ba ya buƙatar ɗauko babban masani daga Dutse. Amma a garuruwanmu akwai matasa da suka yi difloma a fannin gine-gine suna zaune babu aiki. Ga sana'a a ƙofar gida: ka je ka auna wa mutum, ka zagaya shaguna ka tambayo farashi, ka rubuta masa da Hausa yadda zai gane, ya biya ka ɗan abin da bai kai kuɗin buhun siminti ɗaya ba. Sharaɗin kawai shi ne mai lissafin kada ya zama shi ne mai sayar da kayan, kada kuma ya karɓi la'ada a wajen mai shago. Ƙungiyoyin ci gaban gari da na matasa za su iya ɗaukar nauyin wannan, su ajiye littafin farashin kayan gini da ake sabuntawa duk mako, kowa ya zo ya duba.

Ga wanda ya riga ya sauke yashi a ƙofar gida, lokaci bai ƙure ba. Kafin magini ya ɗora tsani, a ɗauki yini ɗaya. A auna, a leƙa abin da ke ɓoye, a jera kaya, a tambayo farashi, a ƙara na ko-ta-kwana, a kwatanta da abin da ke hannu. Idan ya isa, bismillah. Idan bai isa ba, a rage aikin tun yana kan takarda, domin a nan ne kaɗai ragewa ba ta da ciwo.

Ina so in ji daga magina da kafintoci da ke cikin wannan zaure: wane abu ne masu gida suka fi mantawa da shi idan ana lissafi? Waɗanda kuma suka yi gyara a bana ko bara, ku faɗa mana abin da kuka tarar bayan an yaye rufi, ba tare da kama sunan kowa ba, don na baya su ɗauki darasi.

Allah ya rufa mana asiri, ya sa mu gama abin da muka fara lafiya, ya tsare mu da iyalanmu daga sharrin ruwa da rushewar gini. Sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.